Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Noma na Jihar Jigawa kan irin shukar da muka gada

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an yi damina lafiya.

Ni manomi ne ɗan manomi, kuma maganar iri ce ta sa na ɗauki waya nake wannan rubutu. Ba wai ina ƙin sabon iri bane, ni kaina na shuka geron Sosat na ga amfaninsa, haka waken da masana na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya suka fitar yana nuna da wuri. Amma wallahi irin da muka gada yana ɓacewa a gaban idonmu.

Lokacin da nake yaro, gonar babanmu guda ɗaya za ka samu gero da maiwa da dawa farfara da kaura, ga wake kanannado yana yaɗo a ƙarƙashi, ga gurjiya, ga riɗi da yakuwa a bakin iyaka. Geron shi ke fara nuna ya kashe yunwar tsakiyar damina, maiwa da dawa su jira har ruwa ya ɗauke, in fari ya cinye wannan sai wancan ya tsira, kuma dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da nake nufi. Kanannado kuwa ba don ƙwayar kaɗai ake shuka shi ba, harawarsa ce abincin tumaki da rani. Karan farfara dogo ne, da shi ake danni da rumbu. Gajeriyar dawa ba ta ba ka wannan.

Kuma irin ba saye ake ba. Ranar girbi baba zai zaɓi manyan zangarniya ya ɗaure daban ya rataye, inna ta zuba irin wake cikin tulu da toka ta liƙe baki saboda ƙwari. Bara na nemi maiwar gidanmu, sai da na zaga ƙauye uku kafin wata tsohuwa ta ɗebo min rabin tiya. In ta rasu fa, ranka ya daɗe?

Na san akwai ma'ajiyar iri ta ƙasa a Ibadan, NACGRAB, amma manomin Gumel ko Birniwa ina shi ina Ibadan. Roƙona a tura malaman gona su bi ƙauyuka kafin tsofaffin nan su ƙare, su tattaro iri da sunansa da irin ƙasar da yake so, jigawa ko fadama. A kafa rumbun iri a kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗinmu, manomi ya ari tiya ɗaya ya mayar da biyu bayan kaka. Kuma duk sanda za a raba sabon iri da taki, dan Allah a daina cewa mutane su watsar da na gida, a bar musu ko kunya goma ce su ci gaba da shi.

Maiwar nan na shuka ta bana ta yi kyau, na ware dami ɗaya, ranar da aka buɗe rumbun ni zan fara kaiwa.

Naka,
wani manomi daga ƙasar Gumel