Barka da Sallah daga tsaunin Shafa

Shafa, kusa da Ɗa'ifa
1 ga Shawwal, 1446

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina yi miki barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya jiƙan Baba. Yaya, kai za ka karanta mata, to don Allah ka karanta duka har wurin da ya shafe ka, ban da tsallake.

Lafiyata ƙalau. Tun da duhu muka gangara Ɗa'ifa, don a nan rana na fitowa ake ta da idi, ba a jiran hantsi. A Masallacin Abdullahi ɗan Abbas muka yi, kabarinsa ma yana nan gefe, kuma na sa ki a addu'a. Da aka sauko wani dattijo Bahaushe haifaffen nan ya ja mu gidansa. Kakansa a ƙasa ya tako daga Katsina, ya ratsa Sudan, ya haye teku ta Sawakin. Shi yana Hausa irin ta tsofaffi, jikokinsa kuwa sai Larabci. Aka kawo mana saliƙ, shinkafar da suke dafawa da madara da romon nama. Ba laifi, amma raina na kan tuwon shinkafarki da miyar taushe.

An gaya mini hankalinki ya tashi da kika ga hoton nan da karnuka a bayana, har kina cewa yaro ya tafi ƙasa mai tsarki ya ɓige da kiwon kare. Bari ki ji yadda abin yake.

Inda nake aiki tsohon gidan gona ne na dutse a kan tsaunin Shafa, sama da mita 2,000 daga bakin teku. Sanyi ake yi sosai, wani lokaci hazo ya sauko har ba ka ganin ƙofar gida daga bakin rijiya. Mai gidan malamin makaranta ne da ya yi ritaya a Jidda. Gidan kakansa ne. Tun da kuɗin mai ya shigo mutanen ƙauyen suka watse birni, aka bar gidajen suna zubewa. Yanzu yana so ya dawo ya ƙarasa tsufansa a ciki, kuma sharaɗinsa ɗaya: a mayar masa da shi yadda yake, kada bulo ko guda ya shiga.

Ni da wani dattijon magini ɗan Yaman muke yi. Kaurin bangon ya fi kamu guda. Dutse ake ɗorawa kan dutse, a cusa ƙanana a tsakani har ya daina motsi, sannan a yaɓe ciki da ƙasa. Rufin kuwa da na hau na gani sai da na yi dariya, don aikin Baba ne sak: a jera itace, a gicciya ƙirare, a zuba ƙasa, a daɓe, a fitar da indararo. Bambancin kawai su ba su da giginya, da wani icce mai ƙamshi da suke kira ar'ar suke yin azararsu. Hukuma ta hana sare shi yanzu, tara ce mai nauyi, don haka a ɗakunan da suka rushe muke tono tsofaffin, mu kankare, mu ƙwanƙwasa mu ji ko cikinsu na nan. Da yawa suna nan garau. Waɗanda suka ruɓe duk a ɗaki ɗaya suke, wanda wani ɗan gidan ya taɓa shafe shi da siminti don gwaninta. Danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, ya cinye bakin itacen. Rabin azumin nan a ɓamɓare simintin ya tafi.

Karnukan na mai gida ne, a nan na tarar da su. Akwai baƙi ƙato da nake kira Duna, da wata 'yar siririya irin ta farautar Larabawa, mai dogayen ƙafafu da gashi a kunne, ita na sa mata Tsinke. Dalilin ajiye su gwaggon biri ne. Inna, tsaunukan nan cike suke da su, a hanyar Hada ma, wadda ke gangarawa Makka, bakin titi suke zama masu mota na jefa musu abinci, shi ya sa ba sa tsoron mutum. Garke suke saukowa da sassafe. Su kakkarya rumman da ɓaure, su buɗe tankin ruwa, su haye rufin da muka daɓe jiya su tone shi. Babban namijin sai ya zauna kan katanga ya yi maka hamma, don ka ga tsawon haƙoransa. Duna ba ya bin su. Tsayawa yake a bakin gona, gashin wuyansa a tashe, yana gurnani ƙasa-ƙasa, ita kuma Tsinke ta zagaya ta baya da gudu ta tarwatsa ƙananan. Da uwayen sun ji kukan 'ya'yansu sai garken ya juya. Ba wanda ya koya musu wannan rabon aiki.

Sauran yini kuwa barci ne. Duna ya fi son tarin ƙasar da muka tankaɗe, saboda tana riƙe ɗumin rana, kullum sai an yi rigima da shi kafin a kwaɓa. Tsinke ta gane kiran magariba na nufin abinci. Ladan na cewa Allahu Akbar za ka gan ta zaune nesa kaɗan, ta ƙura wa faranti ido.

Ki tambayi Liman, zai gaya miki hadisi ya yi rangwame a kan karen gona da na kiwo da na farauta. Mu Malikawa ma ba mu ɗauki yawunsa najasa ba, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai. Maƙwabtanmu na nan sun fi mu tsanantawa a wannan. Duk da haka ba sa shiga ɗakin da nake kwana da salla, kwanonsu daban, kuma na haɗa musu 'yar rumfa da ragowar duwatsu. Ba zan ɓoye miki ba, na saba da su. Wurin nan in dare ya yi ba kowa, haushin Duna ne ke sa in yi barci da ido biyu rufe.

Lokacin furen wardi ne yanzu, maƙwabta na tsinka tun kafin rana ta yi zafi, su kai a turara a tukwanen tagulla. Na ba wani mai dawowa daga Umra kwalba biyu na ruwansa, ɗaya taki ɗaya ta Gwaggo.

To Yaya, ga taka. Na ji kana shirin ture soron Kaka da zaure, a yi bulo da kwano da kuɗin da nake turowa. Kai ne babba, maganarka ce gaba, amma ka saurare ni. Mutanen nan sun fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, sun rushe nasu sun yi siminti, yau ga shi suna biyan baƙi riyal a maido musu da abin da suka yar. Tsohon garin sarakunansu na Dir'iyya, kusa da Riyad, ginin ƙasa ne, tun 2010 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, da tikiti ake shiga kallo. Mu kuma a Zariya muna da bakan gizon da Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaure a Masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, har yau yana tsaye.

Soron Kaka ba tsufa ke damunsa ba, rashin kulawa ne. Tun rasuwar Baba ba a sake masa yaɓe ba, indararon gabas ya toshe, kuma ta gabas ruwa ke dukan gini. A sauya azarar kusurwar nan, a buɗe indararo, a nemi makuba a yi yaɓe kafin ruwan farko, wata biyu ma ba mu da shi. Kada ka bari kowa ya ce a shafa siminti a kai. Ka kuma tuna a ɗakin nan Inna ke samun barcin rana da bazara. A ƙarƙashin kwano gasuwa za ta yi. In shago kake so, ga filin bakin hanya, ka yi bulonka a can, zan sa hannu.

Kuɗin da na turo shekaranjiya kashi uku ne: na Inna, goron Sallar yara, sauran na azara da ladan magini. Ka nemi tsohon nan da ya yi aiki da Baba, in ƙarfinsa ya ƙare ya zauna a inuwa ya nuna wa yara. In an hau rufin ka ɗauko mini hoton bakin azarar kafin a cire.

A gaishe da Gwaggo, da Kawu da iyalinsa, da matarka, da Auta. A ce mata na ji sakamakon jarrabawa, saƙonta na tafe. Inna, a ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
Ɗanki na Ɗa'ifa