Maigidana ya cika sunana da katunan bashi, ni kuma banki ya hana ni guda ɗaya

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana, domin matan unguwarmu a nan Bronx, a birnin New York na Amurka, suna bin shirin nan ta intanet, ko tari na yi sai sun gane ni.

Mahaifiyata ce ba lafiya a Katsina, hawan jini da ciwon ƙafa, tun bayan babbar salla take kwance. Rabona da gida tun kafin korona. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, da awa ake biyana, ranar da ban fita ba babu ko sisi. Tikitin zuwa da dawowa kuwa ya haura dala dubu ɗaya, in lokacin hutun makaranta ne ma abin ba a magana.

Wata abokiyar aikina 'yar Kumasi ce ta nuna mini hanya. Ta ce akwai katin bashi na wani babban banki da ke ba sabon shiga garaɓasar maki 60,000, muddin ya kashe dala 4,000 da katin cikin wata uku na farko. Kuɗin katin dala 95 ne a shekara, makin kuma ana sayen tikitin jirgi da shi. Bari in yi bayani saboda masu sauraro na gida, kada su ɗauka neman bashi na fita yi. A ƙasar nan duk mai mu'amala da bashi yana da wani makin daban, na amana, daga 300 zuwa 850, kuma da shi ake duba mutum in zai kama haya ko zai sayi mota. Wanda bai taɓa cin bashi ya biya ba, a wurinsu baƙo ne. Ni tsarina shi ne cefane, kuɗin jirgin ƙasa, waya, kayan makarantar yara, duk in riƙa biya da katin, ƙarshen wata in biya banki duka kafin kuɗin ruwa ya hau. Har kwasar adashina na daidaita da watan na uku. Ban taɓa cin haƙƙin kowa ba, Hajiya, ki tambayi duk wanda ya san ni.

Na cike takarda a waya, nan take aka ce ba a amince ba. Bayan 'yan kwanaki wasiƙa ta zo, domin doka ta tilasta musu su faɗi dalili. Wai an buɗe asusu da yawa da sunana cikin shekara biyu da suka wuce. Ni da na san kati ɗaya tal nake da shi, na wani kantin tufafi! Ashe wannan banki yana da ƙa'ida: duk wanda aka buɗe wa kati biyar cikin wata 24, ko daga wane banki ne, ba sa ba shi nasu. 'Yar Kumasin ta zaunar da ni a ɗakin girkin tsohuwar da muke kula da ita, muka ciro rahoton bashina daga Experian da Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kyauta ne. Kati shida muka gani bayan nawa. Uku an saka ni ne a matsayin wadda aka yarje wa amfani da katin wani, uku kuma ni ce mai asusun, da sunana da ranar haihuwata da lambar sosiyal ɗina, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mutum a nan. Adireshin namu ne, imel ɗin kuwa na baban yarana.

Ko da yake tun kafin wannan akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shi ke riƙe da makullin akwatin wasiƙa, wai ni ina yar da abubuwa. Tasi yake tuƙawa, amma kullum dare yana kan waya da wani zauren WhatsApp na direbobi, maganarsu ɗaya, wane kati ne ya ƙara garaɓasa, wane banki ne ya rufe ƙofa. Yana da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango a aljihun ƙofar mota, ya ja layi da jan biro: ranar buɗe kati, ranar cikar wata uku, ranar da kuɗin shekara zai faɗo. Na taɓa buɗewa ina neman rasit, na ga harafin farko na sunana a saman wani shafi, na ɗauka lissafin cefane ne.

Da na tare shi ko gezau bai yi ba. Yana cin tuwo yana ba ni amsa. Wai haka ma'aurata ke yi a Amurka, miji ya buɗe kati, ya gayyaci matarsa ta buɗe irinsa, a ba shi ladan gayyata, a ba ta garaɓasar sabon shiga, maki ya taru a gida ɗaya. Wai shi ya riga ya cika biyar ɗinsa, shi ya sa ya koma kaina. Har da cewa gina mini suna yake yi, in gode masa. Sannan ya ce ai da bakina na amsa. Hajiya, sau ɗaya ya miƙo mini waya ina tsaka da wanke wa ƙaramin jiki, ya ce in gaya wa baturiyar da ke kan layi sunana da ranar haihuwata, in ce e. Wace matar aure ce mijinta zai ce ta ce e ta tsaya tambayar ba'asi? Lambar sosiyal kuwa tare muke cike takardun haraji, dole ya san ta. Wannan shi ne amincewa?

Makin fa ina ya tafi? Da shi ya kai mahaifiyarsa Umara, a kujerar manya, tana miƙe ƙafa. Ban ƙi ba, uwa ce, har turare na ba ta ta tafi da shi. Amma tawa uwar ba mutum ba ce? Shi kansa ya je gida bara, ya sake komawa da azumi, wai maganar fili. Ƙanwata ta ce an gan shi yana zarya wani gida a Funtuwa, gidan da akwai budurwa. Ban kama shi ba, ban kuma ce haram ba ne, addini ya ba shi dama. Sai dai in da sunana aka hau jirgi aka je neman kishiyata, wannan kam da ciwo. Danginsa dama tun farko ba su so ni, yayarsa ce ta ce wai mace in ta fara karɓar dala sai ta fi ƙarfin miji, alhali ni ke biyan rabin haya.

Na manta ban faɗa ba, ɗaya daga cikin katunan da ke sunana akwai bashin dala 3,800 a kai, kuɗin ruwa sama da kashi 20 cikin ɗari yana hawa. Don ya cika sharaɗin wata uku ya saka gyaran mota da inshora, har da sayayyar abokansa su ba shi kuɗi a hannu, kuɗin kuma ya bi ruwa. Akwai watan da ya makara fiye da kwana 30, an rubuta a rahotona, kuma irin wannan tabo shekara bakwai yake yi. Ni da nake gudun riba, har na tambayi wani malami kafin in nemi nawa katin, ya ce malamai sun saɓa, wasu sun yi sauƙi in mutum zai biya duka kafin ruwa ya hau, wasu sun hana tun daga sa hannu saboda sharaɗin ribar yana cikin yarjejeniyar. Ina ta taka-tsantsan, ashe an daɗe ana rubuta riba da sunana. Zunubin na wa?

Kowa da shawarar da yake ba ni. 'Yar Kumasin ta ce in kira bankunan nan uku su cire ni daga katunansa, sannan in kira wanda ya ƙi ni in roƙi a sake duba takardata, tunda wani lokaci ba sa lissafa katin da ba kai ne mai biyan bashinsa ba. In an cire su saura huɗu har da nawa, na sauka ƙasa da biyar ke nan. To amma tabon makarar fa, da bashin? Wata ta ce in rufe katunan duka yau, wata ta ce kul, in aka rufe kati kafin ya shekara akwai bankin da ke ƙwace makin da ya bayar, tunda kuma an riga an kashe, ban san me zai biyo baya ba. Ɗaya daga cikin bankunan ma sau ɗaya a rayuwa yake ba mutum garaɓasar kowane kati, tawa ya cinye ta ke nan har abada. Akwai kuma kulle rahoto, wanda kyauta ne tun 2018, in na yi babu mai sake buɗe komai da sunana. Amma ranar da ya gwada ya ji a kulle, gidan nan ba zai zaunu ba.

Hanya ɗaya da aka ce za ta wanke ni tas ita ce in kai rahoto cewa an yi amfani da sunana ba da izinina ba. Hajiya, mutumin nan yana shirin neman zama ɗan ƙasa. In na yi haka zan iya jefa shi cikin abin da ba ya fita, kuma uban 'ya'yana ne, duk Katsina za a ce ni na ɗaure miji a ƙasar Turawa. In na yi shiru kuma ni ce mai bashi a takarda.

Don Allah ki ba ni shawara. In jira wata 24 ɗin su cika in sake nema, ko in kwashe adashin in sayi tikiti in bar masa bashinsa yana hawa? Kuma in na isa gida, in je Funtuwa in gane wa idona, ko in fara gaya wa Yaya babba ya kira shi? Inna ba ta san komai ba, kuma ba na so ta ji a bakin wani da wannan hawan jinin nata. Shi kuwa tun ranar ya daina cin abincina, ya kuma canza lambar sirrin wayarsa.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Wata baiwar Allah daga Bronx, New York