Aminina, kar ka yi gaggawar sayen agogon nan

Assalamu alaikum.

Aminina, ya Dubai, ya iyali da yara? Mu nan Kano sai godiya, hunturu ya shigo da ƙurarsa. Na ga hoton Rolex ɗin da ka turo, wanda ka ce wani dillali zai ba ka ƙasa da farashin shago. Tun da na gani hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Don Allah kar ka saya a hannunsa. Ka tuna wanda na saya shekarun baya a wurin wani mutum da ya rantse mini na asali ne, har da kwali da kati? Wata bakwai yana tafiya lafiya lau. Ranar da ya tsaya na kai wa mai gyara a Sabon Gari, ya kwance bayansa, ya kafa gilashi a ido, sannan ya juyo mini da shi: wani ɗan mitsitsin inji ne, an tokare shi da farin zoben roba don kar ya yi rawa. Bai ce uffan ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Jabun yanzu kuwa ya fi wancan iya kwaikwayo. A da ana duba hannun sakan, a ga ko yana sulalawa, tunda na gaske sau 8 yake motsawa a sakan guda, ko a duba ƙullin gilashin da ke girmama kwanan wata. Yanzu duk sun iya. Ga ka kusa da shagon Seddiqi, dilan Rolex na hukuma, ka je can a rubuta maka rasit, a ba ka garantin shekara 5. A cikin samfuran Rolex, Submariner da Daytona sai ka bi layi, amma Datejust, da suke yi tun 1945, ya fi sauƙin samu, kuma ya fi dacewa da babbar riga.

Na ji ka ce jari ne. A nan kam ban goyi bayanka ba. Waɗanda suka sayi Rolex na hannu, wato wanda wani ya riga ya mallaka, a farkon 2022, lokacin da farashi ya kai ƙololuwa, da yawansu sun tafka asara da ya sauko. Ka sayi wanda za ka ɗaura kullum kana jin daɗinsa. Kuma na ƙarfe za ka ɗauka, ka san hukuncin zinari a kan namiji, har wanda aka gauraya madaurinsa ka bar shi.

Ba dole ne sai Rolex ba. Ka gwada Tudor, ƙanensa ne kuma ya fi rangwame, ka gwada Omega da Grand Seiko. Baba har ya rasu agogon Rado da ya taho da shi daga Hajji ne a hannunsa, yanzu yana wurina, gilashin ko ƙwarzane babu.

Ka kuma tambaye su kuɗin wankin inji tun kafin ka biya, don duk bayan wasu shekaru sai an yi, kuma ba arha.

In ka je shagon ka ɗaura biyu ko uku, ka turo mini hotonsu a hannunka. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Kano