Ɗaurin mahaifa: a yi maganar tun lokacin awo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan ɗaurin mahaifa, wato aikin da likita ke yi na toshe ko yanke hanyoyi biyu da ƙwan mace ke bi zuwa mahaifa, domin haihuwa ta tsaya har abada. Na daɗe ina aikin ungozoma a nan Tahoua, kuma cikin matan da na ga sun amince da shi, da wuya in tuna wadda ta zo don kawai 'ya'ya sun ishe ta.

Galibi larura ce ke kawo su: macen da aka yi wa aiki aka ciro jariri sau uku ko huɗu, ko wadda mahaifarta ta taɓa fashewa, ko mai ciwon zuciya da hawan jinin da ke kai ta ga jijjiga duk cikin da ta ɗauka. Malamai ma ba su rufe wannan ƙofa ba, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura, ta kuma halatta tazara bisa yardar ma'aurata.

Abin da ke sa mace ja da baya kuwa yana cikin gidanta. A ƙasarmu Nijar, inda wani bincike na 2012 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, wadda ta daina haihuwa tana kallon ɗakin kishiya ne. Ban manta wata baiwar Allah ba, da ta lissafa mini da yatsu, haihuwa tara, biyar a raye, sannan ta gyara lulluɓinta ta ce: "Inna, in Malam ya sake ni, wa zai auri juya?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Wasu kuma suna zaton mahaifar ake cirewa, ko jinin al'ada zai taru a ciki, alhali al'ada na ci gaba da zuwa yadda ta saba.

Kukana shi ne lokacin da ake tayar da zancen. Sau da yawa sai mace na kan gadon naƙuda, hankalinta ba ya jikinta, a miƙa wa miji takarda a bakin ƙofa ya dangwala yatsa. Shawarar da ba a iya warware ta daga baya ba ta dace da irin wannan gaggawa ba, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 30, waɗanda suka fi yin nadama in yaro ya rasu ko aure ya mutu.

Ina kira ga hukumomin lafiya su sa a riƙa zama da mace da mijinta tun watannin awo, a yi musu bayani da Hausa ko Tamashek, a kuma nuna musu hanyoyin tazarar haihuwa irin su robar hannu da ta mahaifa, waɗanda ke yin shekaru kuma ana iya cire su ranar da aka so.

Wassalam,
Wata ungozoma mai ritaya, Tahoua