Wasiƙa Daga Beljiyam: Batun Man Giyar Golf

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Baba da Inna da yaran gida duk suna lafiya. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Aiki na nan a garejin unguwar Heyvaert da ke birnin Brussels, inda ake tara motocin da za a kai tashar ruwa ta Antwerp su wuce Kwatano.

Na ji saƙonka cewa giya ta biyu tana gurzawa da safe, kuma motar tana kuka in ka saka ta biyar a hanyar Katsina. Wannan kukan ne ya hana ni barci. A giyabos ɗin Golf 3 irin tamu, giya ta biyar tana can ƙarshen akwatin ne, ita ce ta farko da ke rasa mai idan ya ragu. In aka ci gaba da lodi a haka za ta cinye kanta, kuma ka san da motar nan gida yake ci. Kada ka sake yin doguwar tafiya sai an duba.

Abin da nake roƙonka shi ne ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da kanka ka sayo man giyar, kada ka aiki yaron gareji. Ka nemi 75W-90, ka juya bayan robar ka ga an rubuta GL-4, wato ajin man. Mai shago zai iya ce maka GL-5 ya fi, tunda biyar ta fi huɗu. Ba haka abin yake ba. GL-5 an yi shi ne musamman don aksul na baya, an cika masa sinadarin farar wuta da zai jure matsi. A cikin giyabos kuwa akwai zobba na tagulla, masu daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma wannan sinadarin yana cin su a hankali, yana sa su santsi har su kasa kamawa. Gurzawar da kake ji daga wurinsu take. Baƙin mai na inji kuma, wanda wasu ke ɗurawa don sauƙi, kada ka yarda ko kyauta ne. Ka duba murfin robar, in an taɓa ɓalle shi ka ajiye musu kayansu.

Lita 2 ta isa, abin da take sha bai cika hakan ba ma.

Ranar canjin ka ɗan zaga da ita man ya yi ɗumi, sannan a tsayar da ita a wuri mai daidai, ba a ɗage gefe ɗaya da jak ba. Ka ce wa bakaniken ya fara kwance notin zubawa na gefe, da alanki mai lamba 17, kafin ya taɓa na ƙasa, wanda ake tsiyaye mai ta wurinsa. Na ga motar da aka tsiyaye wa mai tas sannan na gefen ya ƙi kwantuwa, ta kwana a gareji. Ka tsaya a kansa ka kalli tsohon man a cikin kwano. Baƙi ba komai ba ne. In ka ga ƙyalƙyali kamar garin zinariya, tagullar ce ke tafiya, in kuma guntayen ƙarfe ne ka kira ni nan take. A ɗura sabo har ya fara dawowa ta bakin ramin, a ɗaure. A duba oyil sil, wato robar da ke hana mai yoyo, na wajen shaf biyu, domin mai ba ya raguwa haka kawai, ta wani wuri yake bi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa maka: sabon mai zai sassauta giya, amma ba ya gyara zoben da ya riga ya cinye. In bayan mako biyu tana nan tana gurzawa, sai mu yi maganar buɗewa. Kafin nan ka riƙa taka kuloci har ƙasa, ka daina ɗora hannu a kan sandar giya kana tafiya.

Kuɗin man da na aiki zan turo ranar Juma'a in sha Allahu. Ka ɗauko min hoton bayan robar kafin ka biya.

Naka,
Yayanka