Gasar 'yan dabo a talabijin: akwai alƙali a bayan fage

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan shirin nan na Penn & Teller: Fool Us, wanda gutsattsarinsa ke yawo a wayoyi, wasu na cewa aikin aljanu ne, wasu na cewa dabarar kyamara ce. Rufa-ido ne kawai na saurin hannu da kayan aiki, kuma gasar tana da ƙa'ida.

An fara shirin a 2011 a tashar ITV ta Ingila, daga baya ya koma tashar CW ta Amurka, ana ɗaukarsa a Las Vegas. Ɗan dabo zai yi wasa ɗaya a gaban Penn da Teller, mashahuran 'yan dabo biyu na Amurka, su yi shawara, su faɗi yadda suke ganin ya yi. In sun kasa, kofi nasa ne. To amma akwai wani alƙali da mai kallo ba ya gani. Kafin a ɗauka, dole ɗan takara ya tona masa asirin wasan dalla-dalla, in gardama ta tashi shi ke raba ta. Johnny Thompson ne ya riƙe wannan aiki har rasuwarsa a 2019. Ba don wannan alƙali ba, da kowa sai ya ce ba haka na yi ba, ya wuce da kofi. Shi kuwa Penn a dunƙule yake magana, ya ambaci sunan wani tsohon ɗan dabo, ɗan takara ya gane an kama shi, mai kallo bai tsinci komai ba.

Kyamarar ma ba taimakon ɗan dabo take yi ba. A dandali yakan ɗauke hankalin jama'a da ido ko da zance, hannu ya yi aikinsa. Ita ba ta waiwaye. Cikin kati 52 na karta, ɗaya daga cikin dabarun da aka fi yi ita ce ɗaga biyu a manne kamar ɗaya. Gefe ya goce ko da milimita guda, hoton kusa ya fallasa shi. Sabuwar karta santsi gare ta. Zafin fitilu kuma na sa tafin hannu gumi, kati ya lanƙwashe, tsabar kuɗin da aka ɓoye ta sulɓe. Siririn zaren da ake sa abu shawagi da shi, hasken gefe ko na baya ne ke sa shi ƙyalli. Shi ya sa ake gwaji da fitilu da kyamarorin tun kafin jama'a su shigo.

Ƙorafina ɗaya ne. Wasu 'yan takara kan yi motsin ƙarya da gangan, su nuna kamar sun cusa abu a hannun riga, don Penn da Teller su bi hanyar banza. Sukan ci kofi, amma wasan ya rasa armashi. Wani ɗan dabo mai suna Shin Lim bai buƙaci wannan ba: da karta ya ruɗa su a 2015, ya sake a 2017, sannan ya lashe gasar America's Got Talent a 2018.

Naka,
Mai karanta jaridarku