Wasiƙa daga Tudun Wada: burodin da ya riga kwaɓi

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Ingila? Mu nan hunturu ya sauka, ƙura har cikin kwamfuta. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka yi shiru da yawa.

Ka tuna ɗan shirin lissafin da na ce zan rubuta wa wani gidan burodi a Sabon Gari? To, ya gasa mini aya a hannu. Aikinsu na dare ne, daga bayan isha'i har asuba. Ni kuma da wayona sai na ajiye kwanan wata a gurbinsa, lokaci a nasa gurbin, na jera su bisa lokaci kawai. Da maigidan ya buɗe lissafi, sai ga gashin ƙarfe 00:20 ya hau kan kwaɓin 23:40. Ya dube ni ya ce, "Malam, injin naka yana gasa burodi ne kafin a kwaɓa?" Yaran suka yi ta dariya.

Ashe maganin layi ɗaya ne a Python, yaren kwamfutar da na rubuta shirin da shi: wani umarni mai suna datetime.combine. Ka miƙa masa kwanan wata da lokaci, ya ɗaure su abu guda, jeri ya miƙe.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Kwamfutar da ke riƙe bayanan tana kan UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya, don haka duk abin da aka gasa tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya na dare sai ya koma lissafin jiya. Sai da na liƙa wa shirin ZoneInfo("Africa/Lagos"), umarnin da ke sa shi bin agogon Najeriya, wanda ya shigo tun Python 3.9. Yanzu ina ajiyewa a tsarin ISO 8601, wato ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata da lokaci, kamar 2025-01-10T00:20+01:00.

Wanda ya fi ba ni dariya ma ba laifin na'ura ba ne. In ma'aikaci ya ce "daren Juma'a", daren da zai waye Juma'a yake nufi, tunda a wurinmu dare ke riga rana. Kwamfuta kuwa har 23:59 Alhamis take gani. Dole na hana su rubuta sunan rana da hannu.

Ku da kuke mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshen Oktoba, har 01:30 ta zo sau biyu a dare ɗaya, yaya kuke yi da ita a wurin aikinku? Ka rubuto mini.

Ka gaida iyali.

Naka,
abokinka na Tudun Wada